Tashin Gari Kafin Ruwa Ya Tashe Shi

  

Ya ku iyayena da malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, maganar da na ɗauko bana ita ce tashin gari. Gudun da mutum ke yi da tsakar dare, da ɗa a kafaɗa da ƙunshin kaya a ka, wannan tun Afrilun 2023 babu wanda zai koya wa mutumin Umdurman shi. Ni wani tashin nake nufi. Wato a zauna a duba a ce wannan hilla ko wannan unguwa ƙasarta ta daina riƙe ta, ko don bahar yana cin gaɓarta, ko don khor yana bi ta kanta duk kharif, ko don rairayi ya binne gonakinta. Sai a nemi wani wuri, a gyara shi, a kwashe mutane gaba ɗayansu tun ruwa bai hau gado ba. A baki abu ne mai sauƙi. Amma ƙasarmu Sudan ta gwada shi sau da dama, kuma inda aka gwada ɗin akwai abin dubawa.

Mu fara da dalilin da ya sa maganar ta taso yanzu. Masana sun auna cewa zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 tun da aka fara ƙona gawayin ƙasa da fetur da gas a masana'antu da motoci, domin hayaƙin yana taruwa a sama ya riƙe zafi kamar bargo. Iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar tururin ruwa. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana sa ta riƙe kusan kashi 7 cikin 100 fiye da da. Shi ya sa abubuwa biyu da kamar ba sa zama wuri ɗaya suke zuwa tare: ƙasa ta yi saurin bushewa, fari ya tsananta, idan kuma hadari ya haɗu sai ya juye ruwan wata guda a dare ɗaya. Mu kuma mutanen Khartum a bakin mazurari muke zaune. Nilul Azrak yana kawo mana ruwan duwatsun Habasha, Nilul Abyad yana kawo na Tafkin Biktoriya da fadamun Sudan ta Kudu, su haɗu a Mugran. Ruwan da ya sauka a ƙasar da ba mu taɓa takawa ba, shi ne ke buga mana ƙofa a Agusta da Satumba.

Tsofaffinmu suna ƙidayar shekaru da ambaliya. Akwai ta 1946. Akwai ta 1988, wadda a daren 4 ga Agusta zuwa wayewar gari aka yi ruwan da ya kai milimita 200 a Khartum, alhali ruwan shekara guda a nan bai saba kai haka ba. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. A 2013 sailu ya shiga Sharkun Nil da Fatah da wasu sassan Umbadda, shekarar da matasa suka kafa ƙungiyar Nafir don kai ɗauki. A Agustan 2019 bahar ya fasa ya shiga Wad Ramli, arewa da Bahri, mutanen garin suka koma tantuna a tudu, aka yi ta maganar a ba su filaye nesa da gaɓa. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 2020, ma'aunin Nilul Azrak a Khartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988 duka. Gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata 3, mutum fiye da 100 suka rasu, gidaje fiye da 100,000 suka rushe ko suka lalace, abin ya shafi mutane sama da 800,000 a faɗin ƙasa. Ku lura da tazarar. Daga 1946 zuwa 1988 shekara 42 ne. Daga 2013 zuwa 2020 kuwa, yaron da aka yaye a ta farko bai gama izu biyar ba ta uku ta zo.

A nan sai a yi adalci. Ba duk laifin sauyin yanayi ba ne. Wanda ya gina gida a cikin Khor Shambat ko Khor Abu Anja don ya ga shekara biyar ba ruwa, da wanda ya mai da masraf juji, da wanda ya sa hannu a takardar fili ya san cikin hanyar ruwa yake, duk suna da rabonsu. Khor ba ya manta hanyarsa, ko da mu mun manta. Abin da sauyin yanayi ya yi shi ne ya rage kwanakin da ke tsakanin wannan ziyara da waccan.

To, idan wuri ya shiga haɗari, tashi ba shi ne mataki na farko ba. Tsibirin Tuti shaida ne. Ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, amma mutanensa suna da tsarin da suke kira taya: a raba gaɓar tsibirin kashi-kashi, kowane kashi da mutanen da ke kwana a kansa suna gadi, da buhunan ƙasa a shirye. Inda ruwa ya fara ɓulla sai a buga ganga ko a yi shela daga masallaci, gari duka ya taru a wurin. Da wannan suka tsaya a 1946, da shi suka tsaya a 1988 da 2020, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama su a 2015. Abin da bahar ya kasa yi musu, yaƙi ne ya yi a 2024, Allah ya mai da kowa gidansa. Amma taya tana aiki ne inda ruwa ke zuwa ya koma. Inda gaɓa ke zaftarewa tana faɗawa cikin bahar, wato hadam, ko inda gida yake a tsakiyar cikin khor, buhu dubu ba ya magani. A nan ne maganar tashi ke zama dole.

Ɗaya daga cikin manyan tashin gari da aka taɓa shiryawa a Sudan shi ne na Wadi Halfa. Wannan madatsa ce ta kawo shi, ba sauyin yanayi ba, amma ina ganin ya fi kowane misali amfani gare mu, saboda ruwa ne da aka san ranar zuwansa, aka kuma sami shekaru ana shiri. A Nuwamban 1959 Sudan da Masar suka sa hannu a yarjejeniyar ruwan Nilu, Masar za ta gina babbar madatsar Aswan, tafkinta zai haɗiye Halfa da ƙauyukan Nubiyawa da ke kewaye. Masar ta biya diyyar fam miliyan 15. Mutanen da za a kwashe sun kai kimanin 50,000.

An yi abubuwa da yawa daidai, wallahi. An ƙidaya mutane gida-gida. An ƙidaya dabino bishiya-bishiya don diyya. An gina sabuwar madatsa a Khashmul Girba a kan kogin Atbara don ban-ruwa. An gina ƙauyuka 25 da gidajen siminti da makarantu da masallatai, aka ba kowane manomi hawasha mai fadan 15. Hassan Dafa'allah, jami'in da aka ɗora wa aikin, ya zauna cikin mutanen yana bin abin har ƙarshe. Jirgin ƙasa na farko ya tashi da mutanen Faras ranar 6 ga Janairun 1964, aka ci gaba da kwasa ƙauye bayan ƙauye, kowa da makwabcinsa.

Amma ga inda aka karye. An ba mutanen Halfa jerin wurare aka ce su zaɓa, mafi yawansu suka nuna kusa da Khartum. Sai gwamnatin Abbud ta sanar a Oktoban 1960 cewa Khashmul Girba za a kai su. Gari ya tashi da zanga-zanga. Ka tambayi mutum ra'ayinsa sannan ka yi naka, ai gara ma da ba ka tambaye shi ba. Sannan wurin kansa. Mutumin Halfa ya tashi a ƙasar da sai a yi shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba, gidansa na kallon bahar, dukiyarsa dabino. Aka kai shi Butana, fili fetal, ƙasar laka, ga tsawa ga iska ga taɓo duk kharif, aka ce ya noma auduga da alkama da gyaɗa bisa tsarin hukumar noma. Rufin gidajen na asbestos ne, abin da daga baya aka tabbatar yana cutar da huhu. Ƙauyukan kuma aka sa musu lamba a madadin suna. Madatsar ta riƙa cika da laka, ruwan ban-ruwa ya ragu, samari da yawa suka bar hawasha suka nufo Khartum ko ƙasashen Larabawa. Kuma ƙasar ba kango ba ce, makiyayar Shukuriyya ce da wasu kabilu tun kaka da kakanni. Wasu mutanen Halfa suka ƙi hawa jirgin sam. Ruwa na hawa suna ja da baya, har suka kafa Wadi Halfa ta yanzu a bakin tafkin.

Bayan shekara 40 aka sake irin wannan a madatsar Marawi, wadda aka buɗe a Maris 2009. Aka kai mutanen Hamdab Multaƙa, aka kai na Amri Wadil Muƙaddam, a Afrilun 2006 har aka rasa rayuka a Amri. Manasir da yawa suka ce su dai a bar su a bakin tafkin, kusa da ƙasarsu, abin da suka kira khiyar mahalli, wato zaɓin zama a gida. Sai da suka yi zaman dirshan na watanni a Damar daga ƙarshen 2011. Kun ga darasin Halfa bai shiga ba.

Akwai kuma wanda ya fi kusa da mu, nan bayan gidanmu. A farin 1984 mutanen arewacin Kurdufan da Darfur, da dabbobinsu suka ƙare, suka sauka a Muwailih, yamma da Umdurman. Wannan kam tashin da yanayi ya jawo ne kai tsaye, kuma babu wanda ya shirya masa. Iyayenmu na tuna dawar agaji da aka riƙa kira aish Rigan. An loda wasu a manyan motoci an mai da su, amma mai da mutum ƙasar da babu ciyawa babu rijiya, ai dawowa zai yi. Da yawa suka zauna, gefen Umdurman ya faɗaɗa da su. A farkon shekarun 1990 hukuma ta kwashe masu zaman gefen gari zuwa sansanoni huɗu: Wad Bashir da Darus Salam a Umdurman, Mayo da Jabal Auliya a Khartum. Sansanin Salam mutanensa suka sa masa suna Jabarona, ma'ana an tilasta mana. Sunan da hukuma ta sa yana takarda, wanda mutane suka sa shi ne a bakin kwandasta. A 2005 kuma aka kwashe wasu zuwa Fatah, can arewa da mu, wurin da a lokacin ruwan sha da abin hawa suke wuya. Sai ga shi a 2013 Fatah ɗin na cikin wuraren da sailu ya fi yi wa ɓarna. An ɗauke mutum daga haɗari an ajiye shi a wani haɗarin, saboda ba a tambayi inda ruwa ke bi ba kafin a zana fili.

Mu ɗaliban madrasa muna da misali a cikin tarihin da muke karantawa, sai dai ba mu cika kallonsa ta wannan fuska ba. Bayan an buɗe Mada'in, Musulmi suka zauna a cikinta, amma iskar wurin ba ta karɓe su ba, jikinsu ya rame, launinsu ya sauya. Da labari ya kai wa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, bai ce su yi haƙuri kawai ba. Ya rubuta wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a nemi wurin da ya dace da su da raƙumansu, wanda ruwa bai raba shi da Madina ba. Aka tura Salmanul Farisi da Huzaifa ɗan Yamani suka yi yawo suka duba, suka zaɓi wurin da ya zama Kufa, a shekara ta 17 bayan Hijira. Abin da aka fara zanawa masallaci ne. Aka sa maharbi ya harba kibiya ta kowace fuska, aka ce kada a yi gini a cikin wannan fili. Aka yanka manyan hanyoyi kamu 40, masu bi musu 30 da 20, lunguna kamu 7. Aka ba kowace kabila yankinta don kada dangi su watse. Ku duba: an yi la'akari da lafiyar mutane, an yi la'akari da dabbobinsu wato sana'arsu, an tura waɗanda aka amince da su su gani da ido, an bar jama'a a haɗe. Abubuwan da aka rasa a Jabarona ke nan, shekara 1,400 bayan haka.

Yanzu bari in zo kan namu, mu Hausawan Sudan, domin a nan ne abin ya fi damuna.

Kakannin da yawa daga cikinmu da tashin gari suka zo ƙasar nan. Bayan yaƙin Burmi a Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, bayan 'yan shekaru suka zauna a bakin Nilul Azrak kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Maiurno. Wasu kuma hanyar Hajji ce ta kawo su suka yada zango, zango ya zama gida. Abin da ya riƙe Maiurno, a nawa ganin, shi ne sun iso da shugabansu da malamansu da sana'arsu a hannu, suka kuma sami ƙasar noma a bakin ruwa. Daga nan har yau ina za ka sami mutanenmu? A jaruf suna noman albasa da tumatir da kuɓewa bayan ruwa ya janye. A kwale-kwale suna kamun kifi a Nilul Abyad da tafkin Rusairis da Jabal Auliya. A kamayin suna buga jan bulo da lakar bahar. Ya'ani abincinmu a wurin da haɗarin yake. Idan aka ce wa mai jaruf ga gida na siminti kilomita 20 cikin sahara, an ba shi ɗaki an karɓe tukunyarsa. Wata biyu zai yi ya sayar ko ya rufe, ya koma bakin bahar ya kafa rakuba, sai a ce ai mutanen nan ba sa jin magana.

Ba mu kaɗai ba ne. A Sanlui ta ƙasar Sanigal teku na cin unguwar masunta, aka kwashe wasunsu zuwa wani fili cikin tudu, kilomita da dama daga gaɓa. Gidan ya tsira daga ruwa, amma masunci da ke fita kafin asuba sai ya nemi kuɗin mota kafin ya ga kwale-kwalensa. A Fiji kuwa, cikin Tekun Fasifik, ƙauyen Vunidogoloa ya tashi a 2014 ya koma tudu kimanin kilomita 2 kawai, a cikin ƙasar kakanninsu, kuma su da kansu suka nemi tashin suka sa hannu a ginin. Ana yawan kawo shi misali na wanda ya yi dama-dama. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa zuwa 2050 sauyin yanayi na iya tayar da mutum miliyan 216 a cikin ƙasashensu, miliyan 86 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Ƙiyasi ne, amma ko rabinsa ya faru, ba abin da za a bar wa ranar da ruwa ya shigo ba ne.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ke raba mai samu da mai rasawa. Duk tashin da hukuma ta shirya da ƙidaya yake farawa: lajana ta zo da daftari, ta rubuta gidaje da gonaki da bishiyoyi, a kan wannan daftarin ake raba fili da diyya. Wanda sunansa bai shiga ba, kalas, kamar ba a taɓa haihuwarsa a wurin ba. Tun dokar 1970 ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce a shari'ance. Mutanenmu da yawa da hiyaza suke zaune, wato kakansa ya share wurin, kowa a hilla ya sani, amma babu shahadar bahas. Wasu ma rakam watani sai da wahala suke samu, a yi ta tambayarsu kakan kakansu, alhali a nan aka binne shi. Ga mai haya, ga bazawara da ke riƙe da marayu a gidan da sunan mamaci ke kai, ga ɗan da ya yi aure ya yi ɗaki a cikin gidan ubansa aka ƙidaya su iyali ɗaya. Duk waɗannan su ne ke faɗowa daga daftari. Idan an jira sai ruwa ya ci gida, takardar da ke akwai ma ta jiƙe ta narke.

Kuma wurin da za a je, yana da masu shi. Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, aikin da aka gama a Janairun 2013, an kwashe iyalai fiye da 20,000 zuwa sababbin garuruwa 12, su ma masu lamba. Kowa a cikinmu ya san abin da ya faru a jihar Nilul Azrak a 2022, rikicin da ya tashi kan ƙasa da sarauta, ya ci rayuka da yawa, har a yankin Wad al-Mahi inda wasu daga waɗannan garuruwa suke, 'yan'uwanmu suka watsu zuwa Sinnar da Rabak da Kosti da nan Umdurman. Ba ina cewa madatsa ce ta haddasa ba, dalilan suna da yawa. Amma duk inda aka sauke jama'a ba a zauna da masu ƙasa an rubuta wa ke da gona, wa ke da burtali, wa ke da iko ba, an binne garwashi ne a cikin toka. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya isa Madina sayen filin masallaci ya yi daga hannun marayu biyu masu shi, sannan ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, aka kuma rubuta yarjejeniyar zama da sauran mazauna garin.

Akwai abin da injiniya ba ya sa shi a lissafi amma shi ne tsofaffi ke fara tambaya: makabarta fa? A Halfa an ɗauke ƙasusuwan Usman Digna aka kai Arkawit a 1964, amma kaburburan sauran jama'a suna ƙarƙashin tafki. A fikihunmu na Malikiyya an halatta ɗauke mamaci daga kabarinsa zuwa wani wuri idan akwai maslaha, kamar tsoron ruwa zai ci shi, da sharaɗin kada a keta alfarmarsa. Imamu Malik ya kawo labarin sahabbai biyu shahidan Uhudu, Amru ɗan Jamuh da Abdullahi ɗan Amru, waɗanda sailu ya tone kabarinsu bayan shekara 46 aka sauya musu wuri. To hukunci akwai shi. Abin da ake bukata a zauna da malamai tun da wuri a yanke: za a ɗauke ne, ko za a yi mata katanga a bar hanyar ziyara. Haka masallaci da khalwa da duk abin da yake wakafi. Dattijon da ya ce ba zai tashi ya bar iyayensa ba, ba taurin kai yake yi ba, tambaya ya yi da ba a ba shi amsa ba.

Mu a Sawra mafi yawan harorinmu suna nesa da gaɓa, haɗarinmu sailu ne daga yamma da masarif da suka toshe. Don haka a wannan lissafi mun fi kusa da zama masu karɓa fiye da masu tashi, kuma shekarun yaƙin nan sun nuna mana yadda abin yake: gida ɗaya iyali huɗu, makaranta ta zama masauki, layin ruwa, layin takiyya. An yi karamci, Allah ya saka wa kowa. Amma an ga kuma yadda haya ta tashi, yadda bututu ɗaya ya kasa, yadda ƙaramar magana ke zama faɗa idan gida ya cika. Wannan shi ne zuwan da ba a shirya ba. Shirin tashin gari rabinsa a wurin masu karɓa yake, a ƙara rijiya da aji da asibiti kafin baƙi su iso, don kada mai gida ya ga baƙo shi ne ya rage masa ruwa.

Wani zai ce duk wannan aikin gwamnati ne, mu me za mu iya? Zana fili da gina gari, gaskiya nata ne. Amma daftari fa? Mu da muke rubutu da Larabci da boko, babu abin da zai hana ɗaliban kowace khalwa da madrasa su zauna da lajanar masallaci su rubuta gidajen harar da ke cikin kwari, mutum nawa ne a ciki, wa ke da tsoho ko mara lafiya da ba ya iya gudu, wa ke da takarda wa ba shi da ita. A ɗauki hoton kowace takarda da waya a ajiye a wuri biyu. Wanda ke da dangi a hillolin bakin bahar, a Sinnar ko Kosti ko Damazin, idan ya je hutu ya yi musu haka, har da jaruf da bishiyoyi da shekarar da aka share su, shaidu biyu su sa hannu. Sannan a bi tsofaffin da suka ga 1988 tun suna raye, a ce Baba, nuna mana inda ruwa ya tsaya a wannan bango, da ta inda ya shigo, da ta inda ya fita. A shafa fenti a wurin, a rubuta shekara a gefe. A ƙara na 2013 da na 2020 a sama ko a ƙasa da shi, duk inda ya kama. Ranar da lajana ta zo da taswirarta ta ce ga inda za a kai mutane, sai a ɗauko namu a ajiye kusa da nata a gwada.